Yadda mahayi zai shirya kansa da dokinsa kafin ranar sukuwa

Masu dawaki a Kano, Katsina, Zariya da Damagaram sun san yadda ake kiwon dokin sukuwa, daga dawa da dusa da harawa mai kyau har zuwa kanwa da kilisar safe da yamma. Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba shi ne halin da mahayi yake ciki a lokacin da ya sa ƙafa a likkafa, alhali sau da yawa a nan ne ake faɗuwa tsere tun ba a saki dawaki ba.

Ka fara da sanin irin dabbar da kake hawa. A daji doki abin farauta ne, saboda haka duk abin da bai gane ba, gudu ne amsarsa ta farko. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko dab da goshinsa. Don haka idan ka shiga barga, ka nufe shi ta wajen kafaɗa kana yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa, ka bar shi ya sunsuni hannunka kafin ka kama ragama. Kada ka bar wa ɗan barga dukan hidima kai kuma sai ranar hawa ka bayyana. Ka riƙa goge masa jiki da kanka, ka duba kofato, ka ɗaura sirdi ka ja majayi a hankali, har ya saba da muryarka da warin jikinka.

Daga nan sai ka koma kan zuciyarka, domin doki yana gane fargabar da mahayinsa yake ciki. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwidin, wanda aka wallafa a 2009, an gaya wa mahaya da masu jan dawaki cewa za a buɗe laima ba zato a zagaye na ƙarshe. Ba a buɗe laimar ba, amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya ƙaru, duk da cewa su ba wanda ya gaya musu komai. Hanyar da saƙon yake bi a fili take: mai fargaba yana riƙe numfashi, cinyoyinsa su matse, hannunsa ya sandare a kan linzami, doki kuwa ya ɗauka cewa akwai abin gudu a kusa. Maganin wannan shi ne ka koya wa kanka sakin numfashi a hankali tun a wajen kilisa, kana ƙirga takun doki, huɗu a shaƙa, shida a fitarwa, kana sassauta kafaɗu da yatsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai saba da wannan a gida ba, ba zai tuna da shi a gaban taro ba.

Sai batun linzami, wanda a ganina nan ne muka fi zaluntar dawakinmu. Doki yana koyo ne daga sassaucin da yake samu bayan matsi. Idan ka ja linzami ya rage gudu, ka sassauta nan take, wannan sassaucin shi ne yake sanar da shi cewa ya yi daidai. Idan kuwa ka ci gaba da ja bayan ya bi umarni, to ka koya masa cewa biyayya ba ta da amfani, sai bakinsa ya mutu ko ya fara tutsu da tabarya. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifi ƙwarai, kuma na sha ganin kumfa mai jini a bakin doki bayan an yi zamiya wajen jafi. Na taɓa yin wannan kuskuren da wani akawal, wato baƙin doki, da nake hawa, kwana uku yana kau da kai duk lokacin da na ɗauko linzami, sai da na koma jan sa da ragama kawai kafin ya sake yarda da hannuna. Haka kaimi da bulala suke, idan aka yawaita su ma'anarsu gushewa take yi.

Hayaniyar fili ma sai an saba masa da ita. Ka fara kai shi nesa da inda ake kiɗa ko busa algaita, ka tsaya har ya sauke kai ya saki numfashi, sannan ka matsa kusa a wata ranar. Idan ya kafe kunnuwa baya, ko farin idonsa ya bayyana, ko jelarsa ta shiga kaɗawa da ƙarfi, alama ce cewa ka yi saurin matsowa da shi, sai ka ja baya.

Ranar sukuwa kada ka sauya masa abinci, kada ka gwada sabon sirdi, kuma ka bi jerin abubuwan da ya saba gani kowace safiya. Idan an wuce ku, kada ka huce haushinka a kansa, domin doki yana danganta horo ne da abin da ya faru cikin 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, dukan da aka yi masa bayan tsere ba zai koya masa komai ba sai tsoron filin da tsoronka. Ka sauka, ka sassauta majayi, ka zagaya da shi a ƙasa har numfashinsa ya daidaita, ka zuba masa ruwa a wuya da ƙirji da ƙafafu, sannan ka buɗe bakinsa ka duba ko linzami ya ji masa rauni kafin ka mayar da shi turke.