Kurakuran da muke yi wajen koya wa yara darasin tundura

Ka ce wa 'yan aji huɗu su zana maka tundura, wato filin nan mai tsananin sanyi marar bishiyoyi da ke can arewacin duniya, bayan an gama darasi, za ka karɓi takardu kusan iri ɗaya: fari fat daga sama har ƙasa, farin beyar a tsakiya, tsuntsun fengwin a gefensa kamar 'yan gida ɗaya. Kada ka ga laifin yaran, abin da muka nuna musu ne suka maido mana.

Kuskuren fengwin ya fi saurin gyaruwa. Ɗauko taswirar duniya mai kamar ƙwallo, ka sa yaro ɗaya ya ɗora yatsa a arewacin Kanada, Alaska ko Saibiriya, wani kuma ya ɗora a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. Beyar na wajen na farko, fengwin na wajen na biyu, ba sa haɗuwa sai a gidan zu. Shi kansa beyar ɗin ya fi zama a kan ƙanƙarar teku, inda yake farauta.

Farin nan da ya cika takarda shi ne babbar matsala, domin ya haɗiye rabin darasin. Tundura tana da lokacin ɗumi, gajere ne, kwana 50 zuwa 60 tsirrai ke samu su yi girma, amma a cikinsa ƙasa takan rufe da gansakuka da ƙananan furanni, sauro kuma ya taso kamar hayaƙi. Abin da ke sauka a shekara, ruwa da dusar ƙanƙara, da wuya ya wuce milimita 250, kusan kamar hamada, ga kuma fadama ko'ina. Dalili shi ne saman ƙasa kaɗai ke narkewa, can ciki a daskare take shekara da shekaru, ruwa bai da hanyar nutsewa. Nuna musu da kofi biyu masu huji a gindi, ɗaya da ƙasa haka nan, ɗaya da jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta kwana a firiza. A zuba ruwa: na farko ya zurare, na biyu ya kwanta a sama. Daga nan sai ka tambaye su ina saiwar itace za ta bi, su da kansu za su gano me ya sa babu bishiyoyi.

Kuskuren da ya fi damuna a bakinmu yake. Mukan ce yanyawar tundura "ta ga sanyi sai ta ƙara gashi", ko "ta yi fari don ta ɓuya". Yaro yana jin haka sai ya ɗauka dabba ce ta zauna ta yi shawara, kamar mai canza riga. Alhali a cikin 'ya'yan yanyawa wasu kan fi wasu kaurin gashi da gajerun kunnuwa, su ne suka fi tsira a hunturu har su hayayyafa, a hankali bayan zuriya masu ɗimbin yawa siffar ta zama ta kowa. Gyaran bai wuce canza tambaya ba. Maimakon "me ta yi?", tambayi "a cikin waɗannan biyun wace ce za ta kai ƙarshen hunturu?" Ajiye hoton yanyawar tundura kusa da na yanyawar Sahara mai manyan kunnuwa, ka bar su su yi gardama kan wane kunne ya fi zubar da zafin jiki. Ko canjin launin ma, daga ruwan ƙasa zuwa fari, raguwar tsawon yini ce ke tayar da shi, shi ya sa in dusar ƙanƙara ta makara sai a gan ta fara tas a kan baƙar ƙasa.

Yara da yawa, har da wasu manya, sun yarda gashi ne ke samar da zafi. Riƙe shi kawai yake yi. Naɗe ƙanƙara ɗaya a safar ulu, ka bar wata a faranti, ka sa su faɗi wadda za ta riga narkewa. Yawancinsu za su nuna ta cikin safa, kuma ita ce za ta daɗe. Sannan, don nuna cewa kitse ma yana riƙe zafi, a cika leda da kitse, a zura wata ledar a ciki, yaro ya sa hannu ɗaya a nan, ɗayan a leda zalla, ya tsoma duka a bokitin ruwan ƙanƙara. Hannun da zai fara fizgewa ya isa bayani. Ka dai tanadi tawul, kuma kada a wuce 'yan daƙiƙoƙi.

A daina kuma cewa duk dabbobin can barci suke yi da hunturu. Kuregen yankin ne gwanin wannan, har zafin jikinsa kan sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Lemin, mai kama da ɓera, yana ta kai da kawowa a ramukansa ƙarƙashin dusar ƙanƙara, barewar karibu tana tona da faffaɗan kofatonta ta ci abin da ke ƙasa, wata tsuntsuwar teku kuma kan bar wurin ɗungurungum zuwa Antatika ta dawo, tafiyar kusan kilomita 70,000 a shekara. Rubuta sunayen a kan kati, ka bar yaran su raba su gida uku: masu barci, masu ƙaura, da masu zama su jure.