Yadda Ake Lissafin Rage Rarrabuwar Kawuna a Dandalin Sada Zumunta

Kafin a rage rarrabuwar kawuna sai an iya auna ta, kuma ɗaya daga cikin ma'aunan da ake amfani da su ya dogara ne kan tsarin da masana zamantakewa Friedkin da Johnsen suka fitar a 1990. A tsarin, kowane mutum yana da ra'ayi biyu: na zuci, wato s, wanda ba ya canzawa, da wanda yake furtawa a fili, wato z, wanda abokan hulɗarsa ke ja zuwa nasu. Ka ba kowa lamba tsakanin -1 da +1 a matsayin s ɗinsa, sannan ka cire matsakaicin lambobin daga ta kowa don jimilla ta koma sifili. In ka tsallake wannan cirewar, ma'aunin rarrabuwa zai fito a karkace.

Kowace alaƙa tsakanin mutum biyu tana da nauyi, w, wato lambar da ke nuna ƙarfinta. Don samo z, ka haɗa s na mutum da ra'ayoyin da abokansa ke furtawa, wato z ɗinsu, kowanne an ninka shi da nauyin alaƙarsu, ka raba da 1 haɗe da jimillar nauyin. Ka yi ta maimaitawa har lambobin su daina motsi. A taƙaice z = (I+L)⁻¹s, inda L yake jadawalin Laplace, wato jadawalin lambobi da ke tattare nauyin alaƙoƙin, I jadawali ne mai 1 a layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa da sifili a sauran, ⁻¹ kuma na nufin juya jadawalin. Kada ka juya jadawalin kai tsaye in mutane sun kai dubu ɗari, domin zai cika ma'adanar kwamfuta. Maimaitawar nan ta isa, ko ka warware da manhajar lissafi ta SciPy.

Abu biyu ake aunawa. Rarrabuwa ita ce jimillar z² ta kowa. Saɓani kuwa jimillar w(zi − zj)² ce a kan kowace alaƙa, inda i da j suke mutum biyun da ta haɗa. Ɗauki mutum biyu, ɗaya +1 ɗaya -1. In babu alaƙa tsakaninsu, rarrabuwa 2 ce, saɓani sifili. Haɗa su da nauyi 1, sai z ya koma 1/3 da -1/3: rarrabuwa ta sauka zuwa 2/9, saɓani ya tashi zuwa 4/9, jimilla 2/3. A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Wanda ya sa rage saɓani kaɗai a gaba, lissafi zai nuna masa ya raba masu jayayya kowa ya zauna da irinsa. Masu bincike Chitra da Musco sun nuna a 2020 cewa dandalin da ya bi wannan hanya yana ƙara rarrabuwa ne. Shi ya sa ya kamata ka rage jimillar biyun, wadda ta yi daidai da sᵀ(I+L)⁻¹s, wato ka ninka s na kowa da z ɗinsa ka tara. Musco, Musco da Tsourakakis sun tabbatar a 2018 cewa in an ƙayyade jimillar nauyi, wannan ma'auni siffar kwano gare shi, duk inda ka faro gangara za ta kai ka ƙasa guda. Manhajar lissafi ta CVXPY na iya warware ƙananan misalai.

A aikace ba a sake gina dandali daga tushe, alaƙoƙi kaɗan ake ba da shawarar ƙullawa. Ga kowane mutum biyu da ba su haɗu ba, lissafa (zi − zj)², ka raba da 1 + r, inda r = bᵀ(I+L)⁻¹b, b kuma jeri ne mai +1 a gurbin i, -1 a gurbin j, sifili a sauran. Zaɓi mafi girma, ƙulla, sake lissafa z, sannan ka nemi na gaba. Kada ka kwashi goma a lokaci guda, domin ta farko tana canza darajar sauran.

Lissafin zai riƙa haɗa waɗanda suka fi nisa da juna, su ne kuma suka fi ƙin amsa gayyata. Don haka ka ninka kowane sakamako da yiwuwar karɓa, kamar yadda Garimella da abokan aikinsa suka yi a 2017. Sannan tsarin ya ɗauka cewa duk cuɗanya tana kusanto da mutane, alhali a gwajin da masanin zamantakewa Bail ya jagoranta a Twitter, wanda aka wallafa a 2018, 'yan jam'iyyar Republican a Amurka da suka yi wata guda suna ganin saƙonnin ɗaya ɓangaren sun ƙara riƙe nasu ra'ayin. Ka fara da ƙaramin rukuni, ka sa iyaka ga tazarar ra'ayin waɗanda za a haɗa, ka sake auna z bayan makonni kafin ka faɗaɗa.