Hawan jini: yadda ake awo da yadda ake shan magani

Hawan jini fa ba ya jiran sai kai ya yi ciwo. Mutum na harkokinsa lafiya ƙalau alhali jinin yana ta matsa wa jijiyoyi, sai wata rana a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Awo ne kawai ke tona shi.

Na'urar awon jini lamba biyu take bayarwa, ta sama lokacin da zuciya ke harba jini, ta ƙasa lokacin da take hutawa. Ƙasa da 120/80 lafiya lau. In aka samu 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, to hawan jini ne, sai ganin likita.

Wajen awon nan ake yawan shirme wallahi, mutum ya shigo yana haki ya ɗaura abu a kan hannun riga yana surutu, ina lamba za ta fito daidai? Ka yi fitsari tukuna, kar ka sha kofi ko sigari minti 30 kafin nan, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, ka rubuta ka kai wa likita.

Gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke ɓoye a dunƙulen girki da abincin gwangwani. Tafiya da sauri minti 150 a sati, a rage ƙiba, a bar sigari.

Magani kuma, don Allah kar ka daina don ka ji sauƙi, lambar ta sauka ne saboda maganin, in ka daina za ta sake hawa. Cikin magungunan hawan jini, amlodipine kan kumbura ƙafa, lisinopril kan kawo busasshen tari, in ka ga haka ka faɗa wa likita ya canza maka, ba ka jefar ba. Mai ciki ba ta shan lisinopril ko losartan. Magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini, a yi hattara.

In awo ya kai 180/120 ga ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, asibiti kai tsaye a lokacin, kar a ce bari gari ya waye.