Yadda ake zaɓar bindigar harbin saiti ta farko, rimfaya mai sakata

Tun da na fara zuwa kulob ɗin harbi a nan Ingila 'yan uwa ke ta tambayata wace bindiga za su fara da ita, kuma kusan kowa da sunan kamfani yake fara tambayar, CZ ko Tikka, alhali wannan tambayar ita ce ta kusan ƙarshe. Bari in jero muku yadda ni nake ganin abin ya kamata ya tafi.

Da farko dai mu fahimci juna. Rimfaya harsashi ne da sinadarin da ke kunna albarushinsa yake a gefen gindin kwanso, allurar bindiga gefen take duka ba tsakiya ba. Mai sakata kuma ita ce wadda duk harbi ɗaya sai ka ɗaga hannun ƙarfen nan ka ja baya kwanso ya faɗo, ka tura gaba wani harsashin ya hau, kamar dai sakatar ƙofa. Tana da nawa, amma nawar nan ita ce ke koya wa sabon shiga nutsuwa.

Mataki na ɗaya, takarda kafin ƙarfe. A Ingila ba ka taɓa sayen raifil sai da lasisin da 'yan sandan yankinka ke bayarwa ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1968, yana yin shekara 5, sai ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, a duba lafiyarka wajen likita, a zo gida a ga akwatin ƙarfen da ka kafe a bango. Kafin nan ma sai ka shiga kulob da gwamnati ta amince da shi ka yi aƙalla wata 3 kana ɗan gwaji. Na Amurka dokarsu daban ce kuma kowace jiha da tata, na gida Najeriya kuwa kada wanda ya karanta wannan ya je neman bindiga a bayan fage, sai da lasisin hukuma.

Wata ukun nan da mutane ke ƙorafi a kai wallahi gata ne. Bindigogin kulob za ka yi ta amfani da su kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, kuma dattawan wajen akwai son a tambaye su, kana cewa don Allah in ɗan riƙa taka za su miƙo maka har da lacca ta minti ashirin. Ka taɓa kowacce.

Mataki na biyu, wane irin harbi za ka yi? Nan ne mutane ke ɓata kuɗi. In harbin kwance ne irin na kulob ɗin Ingila, yadi 25 a cikin ɗaki ko mita 50 a fili, da jaket da maɗaurin hannu da saiti na ƙarfe mai 'yar huda, to bindiga mai cin harsashi ɗaya-ɗaya kake nema mai nauyi, irin Anschütz ta Jamus, kuma tsohuwa mai lafiya ta fi maka sabuwar da ba a yi ta don wannan aikin ba. A gasar Olamfik ta mita 50 da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal, ka ga kuwa ba wasa. In kuma kan tebur za ka ɗora ta da madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a samanta, nauyi abokinka ne. In a tsaye za ka riƙa harbi to mai nauyin nan za ta gajiyar da kai tun kafin ka ƙare harbin takardar saiti ɗaya. Ka tsayar da guda tukuna.

Mataki na uku gajere ne, ɗauki mai cin harsashin .22 LR. Tun 1887 ake yin sa, ya fi kowane araha, ba ya dukan kafaɗa, kuma shi gasa ta sani. Za a zuga ka da .17 HMR wanda Hornady ta fito da shi a 2002, gudu gare shi ba ƙarya, amma ya fi tsada ya fi ƙara, kuma kulob da yawa na cikin ɗaki ba sa yarda da shi. Ga shi a Ingila girman harsashin da ka nema shi ake rubuta maka a lasisi, canzawa sai ka sake cike takarda ka jira.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi damuwa da shi, kunama da zaman bindigar a jikinka. Ka sa ta a kafaɗa ka rufe ido ka kwantar da kumatu, sannan ka buɗe, in idonka bai faɗa daidai saiti ba sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai to ba taka ba ce, ko kuma sai an ƙara mata matashin kumatu. Ni gajere ne, bindigar farko da na ƙwallafa rai a kanta gindinta ya yi min tsawo, yatsana da ƙyar yake kai kunama, na yi ta ganin laifin kaina ashe ba ni ba ne. Ita kuwa kunama so ake ta karye tsaf ba tare da ta yi ta jan ƙafa ba, in kana matsawa kana jin tana tafiya gurus-gurus kafin ta saki, harsashinka zai riƙa kaucewa. Nemi wadda ake iya daidaita nauyinta. Amma fa kar ka matsa kunamar rimfaya babu harsashin wasa na roba, marar albarushi, a ciki sai ka tambayi mai ita, a wasu bindigogin allurar bakin ɗakin harsashi take sara, ta yi masa tabo.

Sai yanzu muka zo sunaye. CZ 457 ta ƙasar Cek ita na fi nuna wa sabon shiga, ana daidaita kunamarta, ana canza bututunta, kayan gyaranta ko'ina akwai. Tikka T1x ta Finlan sakatarta sumul, magazin ɗinta, wato gidan harsashi, na cin 10, sai dai yawanci jikin roba ne, wanda ke son katako ba za ta burge shi ba. Savage Mark II ta masu ƙaramin aljihu ce, ba kyan gani amma tana harbi fiye da kuɗinta. Ruger American Rimfire magazin ɗin 10/22, wata bindigar Ruger, take ci, wanda ba ya wahalar samu. Bergara B14R ta Sifen girman babbar raifil gare ta, ta dace da mai niyyar wucewa harbin nesa nan gaba. Duk cikinsu babu wadda sabon hannu zai fi ƙarfinta a shekarar farko, shi ya sa na ce sunan ba shi ne kan gaba ba. In ta hannu ce, leƙa cikin bututun da fitila, duba bakinsa ko ya taɓa buguwa, kuma ka roƙa a bar ka ka harba ta.

Mataki na biyar, kar ka zuba kuɗinka duka a bindiga, madubi na jira. Nan na ci ƙasa. Na sayi madubin farauta mai kyan gaske a wani shago, ashe an saita shi ne don yadi 100, a yadi 25 ina ɗan motsa kai sai in ga layin saitin yana yawo a kan takarda. Wannan yawon shi ake kira faralaks. Nemi mai maɓallin gyara shi da ke saukowa har yadi 25 ko ƙasa, sannan ka tabbata zobban da za su riƙe shi sun dace da layin da ke saman bindigarka, na CZ milimita 11 ne, wasu kuma wani irin layi mai tsaga-tsaga da ake kira Picatinny.

Mataki na ƙarshe, harsashi, kuma nan abin mamakin yake, bindiga biyu iri ɗaya daga kamfani ɗaya sai ka ga kowacce da abincin da take so. Ka tsaya kan mai nauyin giren 40, giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi, wanda gudunsa bai kai na sauti ba, kamar CCI Standard Velocity mai ƙafa 1,070 a daƙiƙa, don mai gudun tsiyan nan yana tangaɗi lokacin da yake saukowa ƙasa da gudun sauti, iska ma ta fi kaɗa shi. Kar ka sayi katan, sayi kwali ɗaya-ɗaya mai 50 na SK, Eley Club, RWS, Lapua Center-X in aljihu ya yarda. Eley Tenex bar shi tukuna, hannunka bai kai ya ga bambancin ba. Duk sanda ka canza iri ka fara harba kamar goma ba lissafi don man jikin dalmar ya shafe bututun, sannan ka yi rukuni biyar na harbi biyar-biyar a kan tebur, ranar da babu iska, da abin toshe kunne da tabarau. Rubuta sunan harsashin da lambar zubin da ke jikin kwalin a kan kowace takarda, wanda ya fi haɗe ramuka waje ɗaya ka koma shagon da wuri ka kwashi mai wannan lambar kafin ta ƙare.