Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna ko Sabuwar Motar Iyali Ta Ci Kuɗinta

Duk lokacin da kamfani ya fito da sabuwar mota ƙirar salun, mai ƙofa huɗu da but a baya, tambayar da magidanta ke yi ita ce: ta ci kuɗinta kuwa? Mafi yawan masu saye suna neman amsar a kan farashin da aka rubuta a talla, kuma daga nan kuskuren yake farawa. Kuɗin mota shi ne abin da za ka kashe a kanta tun daga ranar da ka karɓi makulli har ranar da ka sayar, bayan an cire abin da mai saye na gaba ya ba ka.

Ɗaukar farashin talla a matsayin farashin mota

Kowace sabuwar mota tana fitowa aji-aji. Farashin da ake tallatawa na ƙaramin aji ne, amma wadda ake ɗauka hoto, wadda kuma dila zai ba ka ka gwada, galibi babban aji ce mai kujerun fata da babban allo. Ka nemi takardar da ta jera abin da ke cikin kowane aji, ka sa a rubuta maka jimillar kuɗin ajin da kake so, har da haraji da rajista da inshora da kuɗin kawowa. Wannan adadin ne za ka kwatanta da na sauran motoci, aji da aji.

In kuwa biya kaɗan-kaɗan za ka yi, kada ka tsaya kan abin da za ka riƙa bayarwa duk wata. Ka ninka shi da yawan watannin, ka haɗa da kafin alƙalami da duk wani dunƙulallen biya na ƙarshe. Ka kuma tambayi yadda ake lissafa ƙarin da ake ɗorawa a kan bashin, wato kuɗin ruwa. Ƙarin kashi 10 cikin 100 a shekara, in a kan ainihin bashin ake ɗora shi har shekara 5, kowane 100 zai koma 150. In a kan abin da ya rage ake lissafawa, kusan 127 da rabi zai zama. Duka biyun "kashi 10" ake kiran su, amma ka ga tazarar da ke tsakani.

Mantawa da faɗuwar daraja da shan mai

Babbar asarar mai sabuwar mota ba a gidan mai take ba, a faɗuwar daraja take, kuma a shekarun farko ta fi tsanani. Sabuwar fitowa ba ta da tarihi a kasuwa, don haka ka duba ƙirar da ta gabace ta: nawa aka sayar da ita tana sabuwa, nawa ake sayar da mai shekara 3 yanzu? Ka yi wa abokan hamayyarta biyu irin wannan lissafi. Sau da yawa motar da ta fi tsada a farko ita ce ke fin sauƙi a ƙarshe, domin ta fi riƙe darajarta.

Shan man da kamfani ke rubutawa a ɗakin gwaji aka same shi. Turai ta fara amfani da sabon tsarin gwajin shan mai da ake kira WLTP a 2017 domin tsohon tsarin NEDC yana nuna shan mai ƙasa da na gaskiya sosai, amma ko sabon bai san cunkoson hanyarka ba, bai san na'urar sanyaya da ke kunne duk yini ba. Ga yadda ɗan bambanci ke taruwa: mai tafiyar kilomita 15,000 a shekara da mota mai shan lita 7 a kowace kilomita 100 zai ƙona lita 1,050. In ta zama mai shan 8.5, lita 1,275 ke nan. A shekara 5 tazarar ta kai lita 1,125. Ka nemi alƙaluman waɗanda suka riga suka saya, kuma ka tabbatar a ma'auni ɗaya kake kwatanta motocin.

Zaton cewa sabuwar fitowa ta fi aminci

A nan muke so a fi natsuwa. Akwai bambanci tsakanin motar da aka yi wa kwaskwarima, aka sauya fitilu da bamba da allo, da wadda aka sake ƙera ta tun daga tushe. Ta farkon tana ɗauke da injin da giyar da aka riga aka gwada shekaru a kan titi, an gano lahaninsu an gyara. Ta biyun kuwa, masu sayen shekarar farko su ne ke gano abin da ya kuɓuce wa injiniyoyi: manhajar da ke tsayawa, giyar da ke fizga, ƙara a cikin dashbod. In ba matsuwa ka yi ba, jira na shekara guda ya fi maka. In ka matsu, ka tambayi lambar injin da ta giya, ka bincika ko an taɓa sa su a wata mota da yadda suka kasance. Ka kuma riƙe lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17, domin da ita ake duba ko kamfani ya yi kiran a dawo da motoci don gyara.

Irin giyar ma abin dubawa ne. Giya mai kuloci biyu busassu tana da saurin canji da tattalin mai a buɗaɗɗiyar hanya, amma tafiyar tsaya-ka-matsa tana sa kulocin ya yi zafi ya cinye da wuri. Giyar CVT, wadda ke canzawa da kanta ba tare da matakai ba, tana da laushi, sai dai tana buƙatar a canza mata mai na musamman a kan kari, kuma in ta lalace galibi canza ta ake yi ɗungurungum. Ƙaramin injin mai turbo yana ba da ƙarfi daga ɗan jiki, amma ba ya yafe jinkirin juyen baƙin mai ko amfani da wanda bai dace da ma'auninsa ba. Babu ɗaya daga cikinsu da za mu ce a guje masa kai tsaye. Abin da muke cewa shi ne a zaɓi wanda ya dace da irin hanyar da motar za ta bi kullum, wanda kuma akwai makaniken da ya san shi da kayan gyaransa a kusa.

Yarda da taurari ba tare da duba na wace mota ba ne

Taurari biyar na gwajin haɗari abu ne mai kyau, amma a tambaya: wa ya yi gwajin, a wace shekara, a kan wane aji? Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwajin haɗarin motoci a Turai, da ta fara aiki a 1997, tana tsaurara sharuɗɗanta lokaci zuwa lokaci, saboda haka taurarin shekaru goma da suka wuce ba daidai suke da na bana ba. Abin da ya fi damunmu shi ne mota mai suna ɗaya tana iya fita wata kasuwa da jakar iska shida, ta fita wata da biyu kacal. Gwaje-gwajen Global NCAP, takwararta ta duniya, sun sha nuna irin wannan tazara tsakanin kasuwanni. Ka ƙirga jakunkunan iskar motar da za a miƙa maka, musamman na gefe da na labule waɗanda ke kare kan masu zama a baya. Ka tabbatar tana da ESC, na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya don hana mota sulluɓewa a kwana. An wajabta ta a kan duk sababbin motoci a Tarayyar Turai tun 2014. Motar iyali da ba ta da ita ba ta ci kuɗinta ba, komai kyan allonta.

Gwada motar kai kaɗai

Minti goma a kujerar direba ba ya gaya maka komai game da motar iyali. Ka je da waɗanda za su riƙa hawa. Ka daidaita kujerar gaba yadda kake tuƙi, sannan ka koma bayanta ka zauna: gwiwarka ta taɓa? Kanka ya daki rufi? Yawancin sababbin salun rufinsu yana gangarowa baya don ado, kuma dogon mutum ne ke biyan kuɗin adon. Ka sa hannu tsakanin mazauni da majingina ka laluɓo ƙarafunan ISOFIX da ake maƙala kujerar jariri a jikinsu, ka ɗaura kujerar jaririn da gaske, ka ga ko ta gaba za ta iya matsawa bayan haka. Ka duba ko akwai mafitar sanyi a baya. But ɗin kuma, litocin da aka rubuta ba su da amfani in bakinsa ƙarami ne. Ka zo da babban akwatinku ko keken jariri ka gwada. A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin motar akwai nauyin da aka yarda ta ɗauka. Manya biyar masu kilo 75 sun riga sun cinye kilo 375 kafin a sa jaka ko ɗaya, kuma tsayin motar daga ƙasa yana raguwa in an yi lodi.

Biyan kuɗin ado da zai ci gaba da cin kuɗi

Manyan rim suna da kyau a ido. Amma taya mai lamba 205/55 R16, ta rim mai inci 16, tana da gefe mai tsayin kusan milimita 113, yayin da 225/40 R18, ta rim mai inci 18, ke da 90 kacal. Wannan ragin shi ke sa ka ji kowane rami a bayanka, shi ke sa taya ta kumbura ko rim ya lanƙwashe, ga shi kuma ta fi tsada a wajen canji. Ka ɗaga shimfiɗar but ka ga ko akwai safaya. Wasu motocin ruwan faci da ɗan famfo kawai ake sa musu, kuma ruwan ba ya toshe yanka a gefen taya. Siririyar safaya kuwa ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.

Ka tambayi farashin abubuwa huɗu kafin ka sa hannu: fitilar gaba guda, gilashin gaba, bamba, da babban sabis. Fitilar LED sau da yawa ba a canza mata ƙwai, gaba ɗaya ake sauya ta. Gilashin da ke ɗauke da kyamara sai an sake saita kyamarar bayan canji, haka bamba mai na'urar hango abin da ke gaba. Garanti kuma ka karanta shi da kanka: shekaru ne ko kilomita, duk wanda ya riga cika, ba ya ɗaukar taya da takalmin birki da sauran abin da ke cinyewa, kuma tsallake sabis ɗaya na iya zama dalilin ƙin biyan gyaran injin. Ka sa a nuna maka a rubuce inda aka yarda a yi sabis ɗin, da tazarar da ke tsakanin kowane biyu.