Yadda na hana ruwa taruwa a tiyon CPAP a sanyin Tabuka

Sanyin Janairu a Tabuka, birnin da ke arewacin Saudiyya, wani lokaci kan sauka kusan digiri 0 da dare, iska kuma ta bushe ƙayau. Mai na'urar CPAP, wadda ke hura wa mai barci iska ta tiyo da takunkumin fuska don kada numfashinsa ya toshe, yakan tashi da hanci a bushe, sai ya ƙara lambar danshi, nan kuma tiyo ya riƙa ƙugi, ruwa na fesowa fuska. Dalilin: iska tana fita daga tankin ruwan na'urar da ɗumi, ta bi tiyo mai kusan mita 2 a ɗaki mai sanyi, tururin ya koma raɓa.

Na fara sauke na'urar ƙasa da tsayin katifa, don raɓar ta gangara tanki. Na naɗe tiyon da tsumman ulu, na cusa rabinsa cikin bargo, na janye shi daga jikin taga. A na'urar CPAP samfurin AirSense 10, lambar danshi daga 1 zuwa 8 take. Na mayar da ita 4, ina ƙara ɗaya-ɗaya. Abin da ya kashe matsalar shi ne tiyo mai ɗumama kansa, a digiri 27. Ya cancanci kuɗinsa.

In bushewar maƙogwaro ta ƙi, duba baki: iska na zurarewa ta nan, maɗaurin haɓa ke gyara shi. Kada a shafa basilin a hanci, yana lalata robar takunkumin. Feshin ruwan gishiri a hanci ya isa. Tanki kuwa a zuba masa tataccen ruwan kantin magani, domin na famfo yana barin farin ɓawo. Ƙarfin iskar kuma likita ne ke taɓa shi.