Yadda Za a Tsara Sitikar Man Gyaɗa da Taimakon Ƙirƙirarriyar Basira

Matan da ke matsar man gyaɗa a ƙauyukan Dambatta, Gumel da Ringim suna fitar da mai mai kyau, amma idan aka jera shi a shago kusa da kwalabe masu sitika, sau da yawa shi mai saye yake tsallakewa. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yawaita, har akwai Meta AI a cikin WhatsApp, saboda haka mai babbar waya da ɗan data zai iya fara zanen sitikarsa da su daga gida.

Da farko a auna kwalbar ko jarkar, a rubuta tsawo da faɗin wurin da za a manna sitikar. Daga nan a yi wa manhajar bayani dalla-dalla, domin idan aka taƙaita, kwalbar man zaitun irin ta Turawa za ta iya zanowa. A ce mata ana son gyaɗa da ɓawonta a kan faifai, da launin ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa, da dagin Arewa a gefe, sannan a bar fili a tsakiya babu rubutu. Waɗannan manhajoji sun fi jin Turanci, don da shi aka fi horar da su, kuma ba laifi ba ne a nemi ɗalibin da ke gida ya taimaka. A nemi zane da yawa, a duba su da idon wanda ya san gyaɗa, musamman dagin, wanda sukan karkatar da zarensa.

Rubutu kuwa, a ganina kada a bar wa manhaja shi ko kaɗan, domin takan ɓata haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ. A kai zanen cikin Canva, wata manhajar tsara zane da rubutu, a zaɓi salon rubutun da ke nuna su daidai, a sa sunan sana'a da garin da lambar waya da hannu. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, manhajar ƙirƙirarriyar basira takan ƙago tambari ko lamba mai kama da ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don zanen ya yi kama da na kamfani. A goge shi nan take. Wanda bai yi rajista ba, sa wannan lamba yaudarar mai saye ce, kuma laifi ne a doka.

Wajen kai wa mai buga takardu, a tura zanen a matsayin fayil, domin WhatsApp yana rage ingancin hoto. Launin da ke ƙyalli a fuskar waya yakan dushe a takarda, tunda waya da haske take nunawa, injin bugu kuma da tawada. Don haka a buga guda ɗaya tukuna, a manna a kwalbar da ke da mai a ciki, a bar ta ta kwana biyu. Idan maiƙo ya ratsa takardar, sai a nemi sitikar roba kafin a biya kuɗin sauran.